Jirgin da Ya Faɗo wa Ayarin su Barakatu

A unguwar Nuzla ta birnin Jidda, cikin wani lungu da mota ba ta shiga sai ta naɗe madubai, akwai wata tsohuwa da ke sayar da daddawa da kuka da yaji a ƙofar ɗakinta. Sunanta Hajiya Barakatu. Matata ce ta fara aike na wurinta, watanni kaɗan da zuwanmu Jidda. Ni sunana Rabi'u, makanikin jirgin sama ne, aikin kwangila ya kawo ni daga Kaduna.

Hajiya ba ta san shekarunta ba. Iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, ta ce tamanin da biyar, ita kuwa ta ce wanda ya rubuta kallon fuskarta kawai ya yi ya yanke. Hausarta irin ta mutanen da ce, sai dai nan da can Larabci ya faɗo ciki. Komai zafin gari, hannunta na hagu a lulluɓe yake da gefen mayafi.

Ranar da ta tambaye ni sana'ata na faɗa mata, sai ta ajiye ledar da take ƙullawa.

"Ashe kai ne mai hana su faɗowa."

"Ƙoƙari dai muke yi, Hajiya. Allah ke tsarewa."

"A zamaninmu babu irinku ke nan," in ji ta. Ta janye mayafin. Tun daga wuyan hannu har kafaɗa fatar a tattare take, tana sheƙi. Tsohuwar ƙuna ce.

Ba a rana ɗaya ta ba ni labarin ba. Duk zuwan da na yi sai ta ɗan ƙara wani abu.

A ƙasar Katagum aka haife ta. Mahaifinta, Malam Jaji, baduku ne. Ya sayar da gonarsa ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, da matarsa Indo da 'yarsu ɗaya, Barakatu, wadda a lokacin take famfara. Zamanin yaƙin Hitila ne. Kusan kullum jiragen soja na wucewa ta samansu sun nufi gabas, babba a gaba, ƙanana na biye da shi. Da farko mutane kan watse su shige daji, daga baya suka saba, har madugu kan duba inda suka dosa ya ce hanya na nan daidai.

Sun shiga ƙasar Sudan, sun wuce Jinena, ba su kai Fashir ba, suka yada zango a gefen wani busasshen kogi mai faɗi, inda ake tona yashi a sami ruwa. Da hantsi mata suka sauka tsakiyar kogin da ƙorai, har da Indo. Barakatu ta zauna wurin mahaifinta a gindin wani gawo, tana riƙe masa bakin salkar da yake ɗinkewa.

"Sai muka ji ɗaya yana tari," ta ce. "Wallahi tari, irin na tsohon da ƙirji ya kama. Ya baro 'yan uwansa yana hayaƙi, ya yo ƙasa-ƙasa yana bin kogin. Ya zo dab da matan nan, sai ya karkace ya yo kanmu."

Fiffikensa ya doki gawon. Abin da ta iya tunawa shi ne mahaifinta ya hankaɗa ta da ƙarfin da bai taɓa sa mata ba, sai warin mai, sai kukan jakuna. Mutum huɗu ayarin ya rasa: Malam Jaji, da wani dattijo mai suna Abdulghani, da wata Bagobira da goyonta. Turawa biyun da ke cikin jirgin ma ba su fita ba.

An binne mutanen ayari a gaɓar kogin tun kafin la'asar. Bayan kwana biyu motar soja ta iso. Suka naɗe gawarwakin nasu cikin barguna, suka kwance wasu ƙarafa, babbansu ya yi wa madugu tambayoyi ta bakin tafinta. Sannan suka ɗauki Barakatu da uwarta zuwa asibitin Fashir. Wata uku ta yi a kwance. Ayari bai jira ba.

Hausawan Fashir sun ba Indo shawara ta bi masu komawa gida. Ta ce mijinta gabas ya fuskanta, ita ma ba ta juyawa. Ta yi dakau, ta yi wankau, ta tsinci auduga a Jazira shekara da shekaru. Sai da suka yi shekara goma sha ɗaya a Sudan kafin su hau jirgin ruwa a Sawakin. Barakatu ta sauka Jidda tana budurwa. Nan ta auri wani Bakatsine mai dako a tashar jiragen ruwa, suka fara zama a bukkar kwano, ta haifi bakwai, uku na raye. Indo ta yi hajji sau biyu, a Makka aka binne ta. A lokacin filin jirgin Jidda a cikin gari yake. Barakatu ta ce ta yi shekaru in ta ji jirgi na sauka sai ta sauke abin da ke kanta ta tsuguna har ya wuce, maƙwabta na mata dariya.

Labarin ya tsaya mini a rai. Na san akwai masu sha'awar tarihin jirage da ke tattara jerin haɗurran wancan zamani a intanet, kowanne da ranarsa da wurinsa. Na yi makonni ina dubawa a lokacin hutu. Jerin ya ba ni tsoro: a wasu watannin kusan kowace rana akwai wanda ya faɗi, ba a fagen yaƙi ba, a hanya kawai. A ƙarshe na sami ɗaya da ya yi kama da nata. Layi biyu ne. Inji ya lalace, an yi ƙoƙarin sauka a busasshen kogi, jirgi ya ƙone, mutum biyu sun mutu. Babu maganar ayari.

Na je mata da shi wata Juma'a bayan an sauko masallaci. 'Yarta Bilkisu, wadda ita ma ta yi jikoki, tana ciki tana haɗa shayi. Na ce wa Hajiya babu tabbas shi ne, amma wurin da shekarar sun yi kusa. Na karanta mata sunayen Turawan biyu da ke jerin, ta gwada maimaitawa, harshenta ya ƙi. Na ce ɗaya shekararsa ashirin da uku, ɗaya ashirin da ɗaya.

"Nawa?"

Na sake faɗa.

"Yara ne ashe. Ni ƙatti nake ganinsu, masu gemu. Jikan Bilkisu na fari ya kusa kai haka."

Daga nan na faɗa mata abin da na jima ina juyawa. Na ce matuƙin da injinsa ya mutu ba abin da yake nema sai fili miƙaƙƙe, kuma a dajin nan babu filin da ya kai tsakiyar kogin. Da ya sauka a kan yashi, mai yiwuwa ya fita da ransa. Ba ya barin wurin ya karkata wajen itatuwa sai in wani abu ya gani a gabansa.

"Matan," in ji ta.

"Haka nake zato, Hajiya. Allah ne masani. Wataƙila bai hangi na ƙarƙashin gawo ba."

"Inna tana cikinsu. Su sun kai mutum ashirin."

Bilkisu ta fito da faranti ta ga fuskar uwarta. "Halas ya ummi, ya isa haka, abu ya wuce min zaman, tun zamanin da. Ya Rabi'u, bar ta haka."

"Ƙyale shi," Hajiya ta ce. Ta juyo gare ni. "Ɗana, masu rubutun nan, ana iya ce musu su ƙara?"

Na ce zan gwada. Ta faɗi sunayen ina rubutawa a waya: Jaji ɗan Zaharadden, baduku. Malam Abdulghani. Da ta zo kan ta uku sai ta tsaya. Ba ta taɓa sanin sunan matar ba, 'Yar Gobir kowa ke ce mata. Jaririn kuwa a hanya aka haife shi, kwanansa biyar, ba a yi suna ba. Haka na rubuta.

Mai kula da jerin, wani tsohon Bature da ya yi ritaya, ya amsa bayan wata guda. Ya ce ba shi da takardar da za ta tabbatar, amma ya ƙara layi a ƙasa, cewa wata da abin ya faru a idonta ta ba da labarin mutum huɗu da suka mutu a ƙasa, ya jera su yadda na aika. Na nuna mata a waya. Ba ta iya karatun boko ba, ta dai sa na nuna mata inda sunan mahaifinta yake, ta kalle shi sosai. Ta tambaya ko an san inda aka binne Turawan. Na ce an sani, har da lambar kabari. Ta ce nasu kam tun daminar farko ruwa ya share wurin.

Da azumin bana Bilkisu ta kai ta umra a keken guragu. Bayan salla na je gaishe ta, na tarar tana tankaɗe kuka.

"Na tuna da yaran nan na jirgi a Harami," ta ce. "Ban yi musu addu'a ba, don ban san hukuncin ba, ban kuma so in tambaya. Amma tun ina ƙarama, duk sallar da na idar sai na ce Allah ya isa tsakanina da su. Inna ta hana ni, ban ji ba. Yanzu na bari."

Ta ɗago ta dube ni.

"Gobe kana da aiki?"

"Ina da shi, Hajiya."

"To ka duba da kyau. Yalla, miƙo min robar can."