Martina da Buhunan Citta

Duk wanda ya koyi kwamfuta a Kafanchan wajen 1996 ya san Madam Martina Kumai, 'yar Kagoro, doguwa, mai bakin da ba ya ajiye magana. Shekara goma sha biyar ta yi tana buga tafireta a ofishin jirgin ƙasa, kafin ta koma wata ƙaramar makarantar kwamfuta a bayan tasha. Na'ura ɗaya tak gare su. Ɗalibai kan rubuta furogiram a takarda, ita ta shigar.

Mai makarantar, Oga Celestine, shi ya ƙirƙiro kwamfailar da suke aiki da ita, wato manhajar da ke duba furogiram kafin ta bari ya yi aiki. Yana ji da ita kamar 'yar fari. Dokarsa ɗaya ce: abin da ta ƙi, ya faɗi. Ya manta cewa Martina ce ta buga masa ita layi-layi daga rubutunsa mai kama da tonon kaza, tana bugawa tana karantawa.

Sai ga wata ɗaliba, Emilia, wadda ta kawo aikin jarrabawar ƙarshe: furogiram mai jera buhunan cittar babanta bisa nauyi. A cikin furogiram ɗin ta ɗauki lamba ta raɗa mata sabon suna, Nauyi, abin da littafinsu ya yarda da shi. Kwamfaila ta ce atafau, Nauyi ba ya cikin abubuwan da ake iya gwadawa a ce wannan ya fi wancan. Oga ya zabga sifiri. Ba satifiket ke nan, ga shi baban ya riga ya ce ba zai sake barinta ta maimaita shekara ba.

Abin ya ci wa Martina rai ƙwarai. Kwana uku tana hana kanta abincin rana, tana bin takardun kwamfailar da biro. Ashe sakarar manhajar suna kawai take dubawa a jerinta, ba ta bin sa zuwa asalinsa. Kamar maigadin da ya san ki tun kina goye, ya hana ki shiga don kin yi aure kin canza suna.

Ta kai wa Oga. Ko kallon takardar bai yi ba, ya tuna mata cewa bugu aka ɗauke ta yi, kuma in ta taɓa masa manhaja ta nemi wani aikin.

"To Oga, ka kore ni bayan na gama," in ji ta.

A gaban ɗalibai ta ja kujera. Layi biyar ta ƙara, masu sa kwamfailar ta bi kowane suna har inda ya samo asali kafin ta yanke hukunci. Ta shigar da aikin Emilia ba tare da ta canza ko ɗigo ba. Firinta ta hau kuka, buhuna suka fito a jere, daga mara nauyi zuwa mai nauyi.

Oga ya daɗe yana goge tabarau. Can ya soke sifirin, ya ce ai shi ke nan, magana ta ƙare.

Martina ta jawo durowa ta fito da wani tsohon fayil. Ba ta taɓa zubar da takardar ɗalibi ba. Ta dire shi a gabansa.

"Ba ta ƙare ba. Ga mutum goma sha ɗaya da ka kayar a kan wannan abin. Na san gidan kowa."