Naman Sarkin da Ba Shi da Haƙora

Ni mai agashe ne, wato tsire, gadon gidanmu tun daga Sudan. A wani lungu bayan kasuwar Bab Makka nake gashi, kuma a nan haƙoran taunata suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Likitan da ya cire na ƙarshe har mabruk ya ce min, wai barka. Na gaba suna nan, ba mai ganewa. Amma nama ya fi ƙarfina. In yanka, in barbaɗa yaji, in juya a wuta, ƙatti su ci su yi gyatsa, ni in koma gida in sha waken ful da aka dame kamar ɗan yaye.

Shagon da ke jikin nawa na wani dattijon Ba'indiye ne, siriri, mutumin Lakno. Kabab yake soyawa a faffaɗan kasko, mai laushi kamar auduga. Shekaru ina tambayarsa ko nama yake sayarwa ko kunu. Rafik nake ce masa, wato aboki. Shi kuma janab yake ce wa kowa, wato ranka ya daɗe, har kyanwar lungun.

Ba ya da zance sai garinsu. Wai tsohon birnin sarakuna ne a arewacin Indiya, inda ko zagin mutum za a yi sai an nemi izininsa. Wai mutum biyu in sun haɗu a bakin ƙofa, sai su yi ta "kai fara" har a kira salla. Ya ce wani sarkinsu ya sa a yi ƙaton gini lokacin yunwa, talakawa su gina da rana, masu sarautar da suka tsiyace su rushe a ɓoye, kowa a biya shi. Na ce na san irin aikin nan, na yi shi a unguwar Khumra wajen wani kafili, ubangidan da ke riƙe da takarduna, sai dai biyan ne babu.

Da Babbar Sallah ta zo na yanka ragona, na rantse sai na ci. Maiɗakina ta ce a yi min romo. Na ce ban sayi rago don in sha ruwansa ba. Washegari na naɗe cinya guda a leda na ajiye gaban Ba'indiyen.

"Janab," ya ce da karyayyen Larabcinsa, "na daɗe ban ga muƙamuƙinka yana aiki ba."

"Rafik, soya ko in tafi."

Bai soya ba. Ya zaunar da ni gaban turmi, ya zuba naman, ya kankare ɗanyar gwanda a kai, ya miƙo min taɓarya. Ina daka yana labari. Wai wani sarkinsu ne ya tsufa, haƙora suka zube, kwaɗayin nama bai zube ba. Sai masu girkin fada suka yi ta dabara har suka fito da naman da harshe kaɗai ya ishe shi.

"Shi ma sarkin da kansa ya daka?" na tambaya.

"Daka, janab. Da saura."

Ya zuba kanumfari da wasu ƙulle-ƙulle da ban san sunansu ba, ya ce a bar shi ya huta. Naman ne zai huta, ba ni da kafaɗata ta sage ba. Sai bayan la'asar ya mulmula ya jera a kasko. Ƙamshin ya sa dasashina ƙaiƙayi.

Ya ɗora faranti a kan akwati tsakaninmu, ya dafa ƙirji. "Janab, fara."

To ni ma ɗan mutane ne. Mutum ya ɓata yininsa a kaina, sai na ce, "A'a Rafik, kai fara."

Fuskarsa ta yi haske kamar wanda ya ga ɗan garinsu. Ya gyara zama. Ya ce ina shi ina sa hannu kafin baƙo. Na ce yalla, ci. Ya ce ragona ne. Na ce kaskonka ne. Ya ce kakansa zai juya masa baya ranar ƙiyama. Naman yana hucewa, miyau ya cika min baki, shi kuwa yanzu ya fara jin daɗin wasan.

Kyanwar ce ta raba gardamar. Ta haye akwatin, ta ɗauki guda ta dire.

"Bismillah, janab," ya ce mata.

Na fizgo farantin na ɗora a cinyata. Halas, kara ta ƙare. Na sa guda a baki, na danna da harshe, ya narke. Nama ne, ragona ne, har ɗanɗanon kitsensa. Na cinye tas, yana zaune da hannu a ƙirji yana jiran in sake yi masa tayi. Ban sake ba.

Tun ranar ya daina ce min janab, sai nawab, sarautar masu garinsu. In ya faɗa da ƙarfi gaban masu sayen agashena, nakan harare shi, don ni da shi mun san wane sarki yake nufi. Har gobe ina gaya masa agashe ne nama. Sai dai da an yi la'asar nakan tura masa turmin da naman da na daka ta ƙofar baya.