Ƙarfen Da Na Ɓoye A Gindin Mota

Sana'ata sayar da kekuna ce, sababbi kaɗan, na hannu da yawa. Da faci na fara a bakin kasuwar Magariya, har Allah ya kai ni ga shago, da wani sito a bayan gari kan hanyar Waca. Masu sayena yawanci ba mutanen cikin gari ba ne. Malaman lekwal ne na ƙauye, wato na makarantar boko, da masu tallan magani, da manoman da gonarsu ta yi nisa. Irin waɗannan ba su zuwa wurinka, kai ne za ka same su ran kasuwarsu.

Na yi shekaru ina kai kayan da akori-kura. Ba kekuna suka kashe ta ba, keke nawa nauyinsa yake? Abin da ya kashe ta shi ne "don Allah, tunda can za ka". Buhun geron maƙwabci, ragon suna, bulo, taki zuwa gonar mutumin da ban sani ba sai dai ya ce tare suka yi yawon fatauci da mahaifina. A wurinmu mota mai buɗaɗɗen baya ba ta mai ita ba ce. In ka ce a'a da safe, kafin la'asar an ce samu ya sa ka manta mutane. Na yi ta ɗauka har ta durƙusa, na sayar wa masu tsohon ƙarfe.

Da zan sake saye, ƙaramar mota na zaɓa, ta shiga, mai ɗan kofur na zuba kaya a baya, babu kariyar ɗaura kaya a bisa. Wanda ya zo da buhu biyar sai in buɗe masa kofur ya gani da idonsa. Ban hana shi ba, motar ce ta hana shi. Matsalar ita ce ni ma ta hana ni, don keke ko ɗaya ba ya shiga sai an kwance shi.

A Damagaram na ga dabarar, a jikin motar wasu ma'aikata. Wani ƙarfe ne a baya ɗauke da kekuna, da suka sauke sai suka zare shi, motar ta koma kamar ba a taɓa rataya mata kome ba. Na durƙusa na leƙa, na dawo gida na nufi wurin taubashina mai walda.

"Bawana, yau kuma me ka karya?" in ji shi, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ubangidanka ya zo, ka tashi ka ba shi kujera."

Na zana masa abin a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya.

"Kowa yana sa wa mota abu don a gani, kai ka zo in sa maka wanda ba za a gani ba. Laya ce?"

"Laya ce. Ta tsarin maƙwabta."

Ba a garejinsa muka yi aikin ba, don can masu shayi ba su tashi, kuma abin da suka gani gari ya gani. Cikin gidansa muka shigar da motar. Ya cire parshok, wato ƙarfen da ke tare gindin mota, ya yanka wani mai kauri ya gitta tsakanin ƙafafun shasi, ya huda ya ɗaure da manyan bulon, wato kusoshi masu noti. A tsakiya ya liƙa ɗan bututu mai kusurwa huɗu, inda sandar rataye kekunan za ta shiga a tokare ta da ƙusa. Kafin ya ɗaure na ƙarshe ya fito daga ƙarƙashi yana share gumi.

"To zaɓi. Ko ya hau sama kowa ya gani, ko ya sauka ƙasa rairayi ya gani."

"Rairayi bai taɓa zuwa ƙofar gidana da buhu ba. Sauke shi."

Ya shafa baƙin fenti, ya mai da parshok. Sai ka kwanta rub da ciki za ka san da shi.

Rani guda da damina na sha iska. In fita gida da mota fayau, in tsaya sito in zura sandar, in rataya kekuna uku ko huɗu, in kama hanyar Waca. Da dawowa in zare a sito, in shigo gari kamar wanda ya je gaisuwa. Hanyar da na san rairayinta mai zurfi ne, sai in bar motar kan tudu in ƙarasa da ƙafa.

Da kaka aka yi wa ƙanin matata haihuwa a ƙauyensu, gaba da Dantchiao. Muka tafi suna da mai ɗakina da yara da kwanukan abinci. A bakin garin akwai wani wuri da amalanku suka yi wa kwari biyu, tsakiya ta yi tozo. Rana ta take, ga yara, ga kaya, na ce bari in shiga da gudu. Gaban motar ya wuce. Ƙarfen baya ya caki tozon, muka zauna daram.

Taron suna kuwa a ƙofar gida yake, ana hango mu. Maza suka taso da rigunansu na fita, suka naɗe hannu suka hau tono. Uban jariri shi ya kama baya. Can sai ya ɗago kai duk rairayi.

"Mijin yaya! Ashe motar taka wutsiya gare ta? Ku zo ku gani!"

Suka zo suka gani, ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga surukina da sandarsa, a hankali. Na cire takalma na durƙusa cikin rairayin nan mai zafi na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda muka saba. Ya ce wa ɗansa a kawo shanu. Aka kawo bijimansa biyu, aka zura igiya a ƙarfen nawa, suka ja motar da baya ta fito kamar an zare ƙaya. Tsohon ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sanda. Ba da ni ya yi magana ba, da ɗansa ya yi.

"Wanda ya yi wannan ya san aiki. Abin da aka ja da shi, zai ja."

Ranar ba wanda ya roƙe ni kome. Nama aka yi ta tura mini. Na ci kaɗan, don na san an gama ciniki.

Ba a jima ba mai ɗakina ta same ni ina alwala.

"Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce waken bana ya yi kyau, sai dai shanun sun rame, Magariya kuma da nisa."

Ina iya cewa motar ba ta da ƙarfin jan amalanke, kuma gaskiya ne. Amma bijiman mutumin nan sun ja ni a gaban garinsu duka. Da wane baki? Na je ƙauyen na tarar har sun kai amalankensu maƙera an sa mata zobe a baki, an loda ta da buhuna. Muka taho a hankali, motar tana nishi, warin ƙuna yana shigo mini ta taga. Ran kasuwa ne, babu wata hanya sai ta gaban tasha, ta gaban masu shayi, ta ƙofar unguwarmu. Yara suka biyo mu suna tafi.

Washegari da na fito, maƙwabcina yana tsaye da amalanken aro, an riga an sa mata zobe.

"Alhaji, barka da asuba. Ɗan taki ne, ba nisa."

Na ce ya bari in sha koko.

Yanzu taksin Waca nake ba wa kekunan, a ɗaure su bisa buhunan mutane, ni in bi su a bayan kabu-kabu. Sukan iso da ƙarcen fenti, wani lokaci da lanƙwasasshen birki, sai in zauna a bakin kasuwa in gyara kafin in sa musu kuɗi. Ran kasuwa motar tawa ba ta cika samuwa ba, tana can tana jan amalanken mutane.