Inda Ruwan Famfo Yake Fitowa

Ina shekara bakwai aka sa ni makarantar 'yan mata. Daga gidanmu a Zaitawa, 'yar wan babana ce take tafiya da ni, Yaya nake ce mata. Ba ni da ƙawa a aji, don ko malama ta kira sunana muryata ba ta fita sosai. Tafiyar nan da dawowa ita ce duk hirar da nake samu a yini. Nakan riƙe gefen zanenta ina ta tambaya, tana amsawa ko waiwayowa ba ta yi.

A hanyarmu akwai famfon unguwa. Ruwan rijiyarmu sai an ja shi da guga, amma wannan da kansa yake hawowa. Na tambayi Yaya dalili. Ta ce ai famfo ne, shi ya sa. Washegari na sake, ta ce haka aka yi shi don ya kawo ruwa. Na lura amsar ba ta ƙara min komai ba.

Wata rana muna dawowa muka tarar da wani dattijo yana gyara famfon. Na tsaya kallo har ya tanka min, tambayar ta kuɓuce daga bakina. Ya ɗauko butar alwalarsa, ya nuna min yadda ruwan hancinta yake tsayawa daidai da na cikinta. Ya ce akwai babban tanki a kan Goron Dutse, ya fi duk benayen gari tsayi. Daga can ruwan yake gangarowa ta bututu a ƙarƙashin ƙasa, nauyin na baya yana turo na gaba.

Ƙawayen Yaya sun iso mu a wurin, a gabansu na ce, "Yaya, ashe ke ba ki sani ba. Baban nan ne ya sani."

Ba raini ba ne, abin da na gani na faɗa. Suka yi dariya. Ta zare zanenta daga hannuna.

"To, gobe sai ya kai ki makaranta."

Tare muka ci gaba da fita, don manya sun sa ta. Amma da mun wuce zaure sai ta yi gaba da ƙawayenta, ni ina baya da allona. Tun ranar nake son sanin yadda ruwan yake hawa dutsen. Dattijon bai dawo ba, ni kuwa ban tambayi kowa ba.