Ɗaga Ƙafa Ɗaya, in Ji Kawu Mati

Duk wanda ya san Kawu Mati mai ɗori ya san ba a gaisawa da shi a sauƙaƙe. In dai furfura ta fito maka, kana cewa "Malam Mati, ina kwana?" zai ce, "Bar kwanan nan tukuna. Ɗaga ƙafa ɗaya." Sai ka tsaya kamar zalɓe a bakin rafi, shi kuma yana ƙirgawa da yatsu har goma. In ka kai, ya amsa gaisuwa har ya tambayi iyali. In ka dafa bango tun a uku, sai ya girgiza kai ya ce, "Gobe ka zo ka karɓi sanda." Daga Yankara har Sheme babu tsohon da ya tsira, kuma kada wani ya ce mini ban da ubansa.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Aji Huɗu yake kirana, don a nan bokona ya tsaya, kuma bai taɓa bari na manta ba.

Mutane sun ɗauka taɓin hankali ne. Ba shi ba ne. Kakata, wadda ta haife su shi da Inna, santsin bakin rijiya ne ya kayar da ita, ƙugu ya karye. Kawu da ake ɗauko masa karaya tun daga Sabuwa da Ƙanƙara, ya yi wata huɗu a kanta bai tashe ta ba, a kan tabarmar nan ta cika. Tun daga ranar maganarsa ɗaya ce: "Hannu ina ɗorawa, ƙafa ina ɗorawa. Ƙugun tsoho kuwa kada ma a aiko mini." Kuma ya ɗaura wa ransa cewa Inna, ƙanwarsa ɗaya tilo, ba za ta bi uwarsu ta wannan hanya ba. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya biyo gidanmu.

"Hurera, ɗaga."

"Haba Yaya, ni kaza ce?"

"Kaza ta fi ki. Ita har gyangyaɗi take yi da ƙafa ɗaya. Ɗaga!"

Tana mita tana ɗagawa.

To sai shekarun nan suka zo da arzikin man fetur ya kwararo ƙasar nan, kowa ya ruɗe. Wanda jiya yake yawo da takalmin faɗe na fatar saniya, yau ga shi da sau-ciki mai ƙyalli, ƙasansa sumul kamar faranti. Sai aka fara lura, duk taron suna ko ɗaurin aure, in dattawa suka fito daga zaure sai su tarar an karce musu ƙasan takalma da wuƙa, layi-layi kamar tsagar fuska. Aka yi ta zargin mahassada. Ranar sunan jikan Alhaji Garba mai sayen auduga, Alhajin ya fito zai yi tsarki, sai ga Kawu tsugune a ƙofar zaure, takalmi a hagu, wuƙa a dama, hankalinsa kwance kamar mai feraye rogo.

"La ilaha illallahu! Malam Mati! Takalmin da na sayo a Makka?"

Kawu bai ko ɗago ba. "A Makka ka sayo, Alhaji, amma a Yankara za ka faɗi. Miƙo ɗayan."

Wallahi ya miƙa.

Akwai kuma shekarar da wasu likitoci biyu suka zo daga birni a mota Landiroba, wai suna binciken abin da ke kayar da tsofaffi. Aka tara dattawa a ɗakin shan magani. Suna da kujera da agogo da takardu. Tsoho ya zauna, ya tashi, ya taka zuwa wani layi da suka ja a ƙasa, ya juyo ya zauna, su kuma suna duban agogo suna rubutu. Babu wanda ya gayyaci Kawu. Ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa yana faɗin sakamako tun kafin mutum ya tashi.

"Wannan zai dafa. Wannan juyowa ce za ta ba shi wuya, jiri gare shi. Wannan Bawa ne, rubuta masa lafiya lau, amma ku dawo da la'asar in ya taso daga wurin burkutu."

Bawa, wani tsohon Bamaguje abokin wasansa, ya ce, "Mati, ni da la'asar kawai nake tangaɗi. Kai bakinka tun asuba yake yi."

Babban likitan, yaro ne mai fara'a, ya ga duk abin da Kawu ya faɗa haka yake fitowa. Ya matso ya rusuna. "Baba, a ina ka yi karatu?"

"A kan ƙasusuwan iyayenku. Kai kuma wannan kujera ta mi ce? Wa ka gani da kujera a ɗaka a ƙasar nan? Sa su tashi daga tabarma, a nan ake gane mutum. Kuma ka tambayi tsohuwar can inda take ɗaure akuyarta?"

"Akuya kuma, Baba?"

"Igiyar akuya ta kayar da tsofaffin mata fiye da jiri. Turke a tsakar gida, igiya a kan hanyar makewayi, ido ba ya gani sosai. Rubuta!"

Ya rubuta kuwa, har ya juya takarda. Da zai tafi ya miƙo hannu, Kawu ya dubi takalminsa, irin mai tudun dunduniyar nan da samari ke yayi, ya ce, "Ɗaga ƙafa ɗaya." Likita ya yi dariya ya ɗaga. A shida ya dafa Landiroba.

"Gobe ka zo ka karɓi sanda."

Yanzu bari in faɗi tawa, tunda in ban faɗa ba akwai masu faɗa mini. Lokacin ina rubuta sunayen lebura a wurin wani ɗan kwangilar hanya, aljihuna ya yi nauyi, kaina ya yi girma. Na ce uwata ta gama taka ƙasa. Na ɗauko magini daga Funtuwa ya yi mata daɓen siminti tun daga ƙofar ɗaki har makewayi, aka zuba masa ja, aka goge shi yana ɗaukar ido. Na yanka rago na kira abokai su zo su gani. Ana cikin ci sai ga Kawu. Ya tsuguna ya shafa daɓen da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa.

"Aji Huɗu, mi Hurera ta yi maka?"

"Kawu, zamani ne."

"Uwarka kake so ka kwantar, ko dai ba ka sani ba?"

Ga mutane suna ji. Raina ya ɓaci, na ce, "Kawu, kowa ya ci gaba, kai kana nan kana ƙirga ƙafafun mutane. In hassada ce ka faɗa."

Kawu ya miƙe. Ya ɗauki ruwan wanke-wanke da ke gefen murhu ya sheƙa a tsakanina da shi, ya kama kunne ya ce, "Ban ji ba. Taho nan kusa ka maimaita."

Na taso da ƙarfina, babbar riga na jan iska. Abin da na sani kawai, ƙafafuna suna sama, hulata tana bakin rariya, rigar ta rufe mini fuska. Wani har ya ƙware da nama don dariya.

Kawu ya tsaya a kaina. "Taku biyu," ya ce. "Kai ga shi za ka tashi ka kakkaɓe. Ita in ta faɗi, wa zai tashe ta? Ni dai na gwada sau ɗaya, ban iya ba."

Washegari ya dawo da guduma da ƙatuwar ƙusa. Kwana uku yana sassare daɓen nan, har ya koma kamar fuskar wanda ya yi agana. Ya kafa gora a jikin katanga tun daga ɗakin Inna har makewayi don ta riƙa dafawa, ya tuge turken akuya ya mai da shi bayan rumbu. Ni kuwa shekara guda cur ban gaishe shi ba. Shi ma bai damu ba, ya ce ai furfurata ba ta fito ba, ba shi da abin yi da gaisuwata.

Daminar bara, ranar kasuwar Yankara, Bawa ya tare shi a gindin tsamiya. "Mati, kai wa ke gwada ka?" Mutane suka taru. Kawu ya ajiye jakarsa, ya ɗaga ƙafa, yana ƙirga wa kansa da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku. A huɗu ya dafa tsamiyar. Bawa ya sunkuyar da kai. Kawu ya dubi ƙafar tasa ya ce, "To, Mati. Gobe ka zo ka karɓi sanda." Washegari kuwa da sanda aka gan shi, kuma bai ƙara fita babu ita ba.

Juma'arsa ta ƙarshe ya zo yana dogarawa. Inna ta ɗaga tun bai ce ba. Ta kai goma, ta ƙi saukewa har sha biyu don ta ba shi haushi. Ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi." Bayan kwana uku ya cika a kan shimfiɗarsa bayan azahar, babu ƙashi ko ɗaya da ya taɓa karyewa a jikinsa.

Ɗan kwangila ya kwashe motocinsa ya tafi. Waɗanda suka ci ragona, yau in sun hango ni sai su shiga duba wani abu a ƙasa. Duk abin da na tara a shekarun nan, mummunan daɓen nan ne kawai ya saura. Jiya an yi ruwa, na zauna a ƙofar ɗaki ina kallon Inna ta ratsa tsakar gida da butarta, hannu ɗaya a kan gora, ƙafarta na kama ramukan da Kawu ya sassara, har ta je ta dawo. Ban taɓa ce masa na gode ba. Na yi ta cewa sai wata Juma'ar.

Allah Ya jiƙan Kawu Mati, Ya yafe masa, Ya yafe mini abin da na faɗa masa gaban mutane. Yadda ya tsare ƙafafun iyayenmu, Allah Ya tabbatar da tasa a kan siraɗi, Ya haye da shi babu santsi. Amin.