Juma'ar Ganin Yarinya

Lokacin da nake karatu a Alƙahira, akwai wani ɗan garinmu da ke aikin tafinta a wani ofishi a unguwar Mohandessin. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Ya auri Bamisiriya, suka haifi 'ya mace, auren ya mutu yarinyar ba ta daɗe da shiga firamare ba. Kotu ta bar ta a hannun uwarta, shi kuma aka ba shi abin da suke kira ru'ya, wato ya riƙa ganinta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a farfajiyar wani kulob.

Ni nake raka shi, don ya ce zama cikin mazan nan masu jiran a kawo musu 'ya'yansu yana karya masa zuciya. Da farko da gudu yarinyar take zuwa, ta cusa hannu a aljihunsa tana neman alewa. Sannu a hankali ta fara laɓewa bayan kakarta, wadda ke kawo ta. In ya yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci, daga baya ma ta daina amsawa.

Ana haka uwar ta kai ƙara cewa yana dukan yarinyar, wai an ga tabo a damtsenta. Aka dakatar da ganin sai an bincika. Lauyansa ya ce za su faɗa wa kotu cewa zuga yarinyar ake yi, amma ya gargaɗe mu cewa da wuya a tabbatar da abin da ake raɗa wa yaro a ɗaka. Na ba da shaida cewa ban taɓa ganin ya ɗaga mata hannu ba. Aka tambaye ni ko na san zamansu na gida kafin rabuwa. Na ce ban sani ba, don ban sani ɗin ba.

Ba a same shi da laifi ba, amma an ci watanni. Ranar da aka sake kawo yarinyar, ta zauna can ƙarshen benci. Ya tambaye ta labarin makaranta. Ta zura wa takalminta ido, ta ce da Larabci, "Mama ta ce in na yi shiru za a mayar da ni gida da wuri."

Ya ce, "Ma'alish, 'yata. Ba komai, yi zamanki."

Haka suka zauna har lokaci ya cika. A hanyar komawa, da muka iso Wustul Balad, wato tsakiyar birnin, ya ce in daina wahalar da kaina, zai riƙa zuwa shi kaɗai. Har na gama karatu na dawo gida bai fasa zuwa ba. Wata Juma'ar a kawo ta, wata kuma a ce ba ta jin daɗi.