Agogon Masar Ya Kusa Hana Inna Ganin Likita

"An rufe ganawa." Abin da wayata ta nuna ke nan, ƙarfe sha ɗaya daidai, bayan na ɗauko Inna a babur daga ƙauyenmu zuwa Anka saboda sabis ɗin waya.

Likitan ido ne a Masar zai duba ta ta bidiyo, ya ce a yi aiki ko a dakata. Ashe tun ƙarfe goma agogonmu ya zauna jiranmu, ya gaji ya tashi.

Inna ta ce, "Ke Hadiza, wanga likita fushi ya yi da mu?"

Raina a ɓace na kira Malam Sanusi, wanda ya gina shafin intanet ɗin da muka kama lokacin ganawar.

"Hajiya, Masar ta fi mu da awa ɗaya. Da hannuna na rubuta a riƙa cirewa."

"Da hannunka? Malam, Misirawa suna tura agogo gaba da bazara. Yanzu awa biyu ce! Duniya za ta tsaya don ka rubuta lamba?"

Ya bincika. Can ya ce, "Wallahi gaskiyarki."

Bai yi gardama ba, abin da ya sanyaya ni ke nan. Ya gyara: shafin yana ajiye lokaci da agogon duniya, kowace waya ta nuna na garinta. Ya kuma roƙi likitan da kansa ya sa mana wata rana.

Ranar Laraba likitan ya ga Inna. Idon zai gyaru, in sha Allahu.

Masu gina shafuka, bayan kowace awa akwai tsohuwa a kan babur. Ku fa, agogo ya taɓa yi muku haka?